Yadda Ake Karanta Tsohon Hoton Ɗab'i na Holan a Gano Kasuwar da Ta Haife Shi

Duk wanda ya shiga taskar hotuna ta gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam, ko da ta intanet ne, zai tarar da dubban fuskoki da aka buga da baƙar tawada a kan takarda tsakanin ƙarshen ƙarni na 16 da ƙarni na 18. A cikinsu akwai 'ya'yan gidan sarautar Orange, da kwamandojin jiragen ruwan yaƙi, da masu wa'azi, da malaman jami'ar Leiden, da masu zane. Ido yakan fara sauka ne a kan fuska, ya tsaya yana mamakin yadda aka fitar da gashin gemu da ninkin kwalar riga da layuka zalla. Amma waɗannan takardu haja ce tun asali. Wani ne ya zuba jarinsa ya sayi jan ƙarfe, ya biya masassaƙi, ya sayi takarda, yana fatan fuskar da ya zaɓa za ta yi kasuwa kafin mutane su manta da mai ita. Shawarata ga mai son fahimtar su ita ce ya jinkirta kallon fuskar, ya fara daga gindin takarda, domin a can ne 'yan kasuwar suka bar sawunsu.

Kafin a kai ga karanta rubutun, dole ne a san abin da ake saye da sayarwa a wannan sana'a. Asalin dukiyar ita ce allon jan ƙarfe wanda aka sassaƙa hoton a kansa. Masassaƙi yakan tura wani ɗan ƙarfe mai tsini a kan allon yana tsaga layuka, ko kuma a shafe allon da kaki, a zana hoton da allura, a zuba ruwan asid ya ci wuraren da allurar ta buɗe. Daga nan a cusa tawada cikin tsagogin, a goge saman allon tas, a ɗora takarda mai danshi, a tura su tare cikin injin matsi. Allo guda yana iya ba da ɗaruruwan kwafi masu kyau kafin layukansa su fara lafewa, kuma ko sun lafe ana iya sake bin su da ƙarfe a ci gaba da bugawa. Saboda haka wanda ya mallaki allon shi ne mai kasuwar, ko da bai taɓa riƙe ƙarfen sassaƙa ba a rayuwarsa. Ana gadon allo, ana sayar da shi a gwanjo, kuma yakan daɗe yana kawo kuɗi bayan duk waɗanda sunansu ke jikinsa sun kwanta dama.

Yanzu sai ka sauko da idonka ƙasan hoton, inda za ka ga ƙananan rubuce-rubuce, galibi cikin Latin kuma a taƙaice. Sunan da ke biye da kalmar pinxit na wanda ya yi ainihin zanen da fenti ne, wanda ke biye da delineavit kuwa na wanda ya zana shi da alƙalami ko alli. Idan ka ga sculpsit ko fecit, to masassaƙin allon ke nan. Kalmar da ta fi kowace muhimmanci ga mai bin diddigin ciniki ita ce excudit, wadda ake taƙaitawa exc. ko excud., domin tana nuna mai ɗab'in da ya fitar da hoton kasuwa, kuma sau da yawa akan biyo ta da sunan gari, wani lokaci har da titi da alamar shago. Claes Jansz Visscher, wanda ya rayu daga 1587 zuwa 1652, yana da shago a titin Kalverstraat na Amstadam, alamarsa kuwa masunci ce, domin ma'anar sunansa ke nan. Ɗansa da jikansa, dukansu masu suna Nicolaes, sun ci gaba da kasuwancin bayansa, abin da ya sa ganin sunan Visscher kawai ba ya isa a yanke shekarar bugu.

Ka rubuta waɗannan sunaye a takarda, sannan ka tambayi kanka ko mutum nawa ne. Idan sunaye uku ne daban, kana gaban cikakken kasuwanci mai rabon aiki. Idan mai fenti ne da kansa yake riƙe da ragamar fitarwa, labarin ya sha bamban, kuma babu misalin da ya fi na Michiel van Mierevelt na birnin Delft. Wannan mutum ya zana Yarima Maurits da manyan ƙasa masu yawa, ya kuma gane cewa zanen fenti guda bango ɗaya kawai yake cikawa, alhali allo yana kai fuskar gidaje ɗaruruwa. Masassaƙi Willem Jacobsz Delff ya auri 'yarsa a 1618, ya zama shi ne mai mayar da zane-zanen surukinsa zuwa jan ƙarfe. Ta haka sana'ar ta tsaya cikin gida, ribar ma haka, kuma kowane hoton ɗab'i ya zama talla ga shagon mai fentin. A ganina ingancin aikin Delff yana da alaƙa da wannan tsari, domin mai zanen yana kusa, yana iya duba gwajin farko ya ce a gyara ido ko a rage duhun kunci.

Abu na gaba da za ka nema shi ne kalmomin cum privilegio. Ma'anarsu ita ce hukuma, ko dai Majalisar Jihohi ta ƙasa baki ɗaya da ke zama a Hague ko kuma majalisar jihar Holland, ta ba mai hoton kariya ta wasu shekaru, wadda ta hana kowa kwaikwayonsa ko sayar da kwaikwayon a yankin da ikonta ya kai, tare da tara ga wanda ya saɓa. Van Mierevelt yana cikin waɗanda suka samu irin wannan kariya. Babu mai wahalar neman ta sai wanda ya kashe kuɗi mai yawa kuma yake tsoron 'yan kwafi, don haka ganin ta shaida ce cewa an sa ran hoton zai yi kasuwa. Sai dai kariyar ba ta ƙetare iyaka, kuma ko a cikin gida mai wayo yakan rage girman hoton ko ya sauya tufafi ya ce nasa daban ne. Akwai wata hanya mai sauƙi ta kama irin wannan aiki. Duk abin da aka sassaƙa a allo yakan fito a juye a takarda, kamar yadda madubi ke juya fuska, saboda haka wanda ya ɗora hoton wani a gabansa ya kwafe shi kai tsaye, nasa zai fito yana kallon hagu inda na asali ke kallon dama. Ka duba gefen da takobi yake rataye, da hannun da ke riƙe da alƙalami. Idan ka ga jarumi ya rataya takobinsa a dama, ka yi zargin kwafi, ko da yake wani lokaci masassaƙin farko ne bai damu ya juya zanen ba.

Daga nan ka koma kan baitocin da ke ƙarƙashin sunan mai hoton, ka fara da harshensu tun kafin ma'anarsu. Baitin Latin yana kiran malamai da ɗalibai da masu tara hotuna a ko'ina cikin Turai, kuma irin wannan haja ce ake ɗauka zuwa kasuwar littattafai ta Frankfurt, wadda a wancan zamani take ci sau biyu a shekara. Baiti da harshen Holan na mutanen gida ne, mai shago da matuƙin jirgi da matar aure mai zuwa coci. Idan ka ga harsuna biyu ko uku, misali an haɗa da Faransanci, mai ɗab'in yana son allo guda ya ci kasuwa fiye da ɗaya. Manyan marubuta irin su Joost van den Vondel da Caspar Barlaeus da Hugo Grotius sun rubuta irin waɗannan baitoci, kuma sunan mawaƙin kansa yana ƙara wa takardar daraja. Hoton da mai zane Rembrandt ya yi wa mai wa'azi Johannes Wtenbogaert a 1635 yana ɗauke da baitocin Grotius, kuma wanda ya san tarihin lokacin zai gane nan take su wa ake nufi da shi. Wtenbogaert jagora ne a ɓangaren da ake kira Remonstrant, wanda taron coci na Dordrecht ya yi tir da shi a 1618 zuwa 1619, Grotius kuwa an ɗaure shi a kan wannan rikici kafin ya tsere zuwa Faransa. Mai rataya wannan hoto a ɗakinsa yana faɗa wa baƙonsa ɓangaren da yake, ba tare da ya buɗe baki ba.

Wannan ya kawo mu ga aikin da na fi so, wato auna shekarar hoton da abin da ya faru a ƙasar. Jamhuriyar Holan ta tashi ne cikin yaƙi da Sifaniya wanda ya ɗauki shekara 80, daga 1568 zuwa 1648, kuma faɗuwar Antwerp a hannun Sifaniyawa a 1585 ita ce ta koro masassaƙa da masu ɗab'i da jarinsu zuwa Amstadam da Haarlem da sauran biranen arewa. Jama'ar da ke cikin yaƙi tana son ganin fuskar waɗanda take jin labarinsu. An kashe Willem na Orange, jagoran tawaye ga Sifaniya, a Delft a 1584. An fille kan babban ɗan siyasa Johan van Oldenbarnevelt a Hague ranar 13 ga Mayu 1619. Piet Hein ya kama jiragen azurfar Sifaniya a gaɓar Kyuba a 1628. Kwamandan jiragen ruwa Maarten Tromp ya mutu a yaƙin ruwa da Ingila a 1653, takwaransa Michiel de Ruyter kuwa ya rasu a 1676 bayan raunin da ya samu kusa da Sisili. A ranar 20 ga Agusta 1672 taron jama'a ya hallaka babban ɗan siyasa Johan de Witt da ɗan'uwansa Cornelis a Hague. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya buɗe kasuwar fuskar mai shi. Idan shekarar da ke jikin hoton ta zo daidai da nasara ko mutuwa, kuma aikin ya nuna alamun gaggawa, to kana riƙe da hoton da aka yi don cin kasuwar labari, wanda mai shi ya san idan ya makara mako biyu hajarsa za ta yi kwantai.

Gaggawar nan ce ta haifar da wata dabara da ya kamata ka sa ido a kanta. Idan kiɗa ya canza rawa ma takan canza, kuma mai ɗab'in da ke da tsohon allon wani jarumi a kan doki ba lallai ne ya sayi sabon jan ƙarfe ba. Yakan sa a kankare kan, a buga allon ta baya har wurin ya daidaita, a sassaƙa sabon kai da sabon suna. Ka ɗauki gilashin ƙara girma, ko ka zuƙo hoton a kwamfuta, ka duba kewayen kai da wuya. Idan layukan bayan hoton sun katse a zagaye da kan, ko akwai wata inuwa mai kama da hazo, ko kuma salon gemu da na kwalar riga ba na zamani ɗaya ba ne, to akwai wata fuskar da ta riga wannan zama a wurin. Haka ma za ka duba wurin excudit, inda sau da yawa akan ga gurbin tsohon suna a ƙarƙashin sabo. Kowane sauyi irin wannan yana haifar da abin da masana ke ƙirgawa a matsayin mataki na allo, na farko da na biyu da na uku, kuma jerin sunayen masu ɗab'i daga mataki zuwa mataki shi ne tarihin cinikin allon a rubuce.

Ka duba kusurwa ko akwai lamba. Lamba tana nuna hoton ɗaya ne daga cikin jeri, kuma jeri shi ne hanyar da mai ɗab'i ke ɗaure mai saye, domin wanda ya sayi goma ba zai so na sha ɗaya ya wuce shi ba. A 1572 gidan Hieronymus Cock na Antwerp, a ƙarƙashin matar da ya bari Volcxken Diericx, ya fitar da hotunan masu zane 23. A 1610 Hendrick Hondius na Hague ya faɗaɗa wannan tunani zuwa 68, kuma a 1618 Johannes Janssonius ya sake fitar da jerin da wani sabon take. A sulhun 1648 da ya kawo ƙarshen yaƙin ma an yi haka, inda Anselm van Hulle ya zana wakilan da suka zauna a Münster da Osnabrück, aka sassaƙa su jeri guda don sayarwa. Wasu hotunan kuma daga cikin littafi aka yanko su. Jacob Houbraken, wanda ya rayu daga 1698 zuwa 1780, ya sassaƙa fuskoki masu yawa da ke tafiya da tarihin ƙasa na Jan Wagenaar, wanda Isaak Tirion ya buga tsakanin 1749 da 1759. Alamar ɗinki a gefe ɗaya, ko layin ninki, ko lambar shafi a sama, duk suna nuna takardar ta taɓa zama cikin bangon littafi.

Sai yanzu za ka ɗaga ido ka kalli fuskar, kana mai tambayar ko masassaƙin yana da hanyar sanin kamannin mutumin. A 1650 Pieter Soutman ya fitar a Haarlem da jerin sarakunan Holland na da, aikin Cornelis Visscher, alhali na farkonsu sun mutu ɗaruruwan shekaru kafin a fara zana kamannin mutum da gaske a yankin. Haka kuma hotunan Laurens Janszoon Coster, wanda mutanen Haarlem suka daɗe suna cewa shi ya ƙirƙiro ɗab'i, ƙirƙira ce tsantsa. Ba na ganin ya dace a raina irin waɗannan takardu. Ba su gaya mana yadda sarakunan suke ba, amma suna nuna cewa jamhuriyar da ba ta daɗe da tsayuwa ba tana da mutane masu biyan kuɗi don su ga tushensu jere a kundi, shekara biyu kacal bayan Sifaniya ta amince da 'yancinsu.

Idan takardar tana hannunka, ka ɗaga ta ga haske. Za ka ga layuka sirara masu yawa a jere, da wasu masu tazara da suka gitta su, gurbin wayoyin da aka tace takardar a kai, wani lokaci kuma da tambari a ciki, kamar kan wawan sarki mai hula da ƙararrawa, ko garkuwar Amstadam da zakuna biyu. Yawancin farar takardar da aka yi amfani da ita a farkon ƙarni na 17 shigo da ita ake yi, musamman daga Faransa, kafin masana'antun yankin Zaan su bunƙasa a ƙarshen ƙarnin. Takarda mai santsi wadda ba ta da waɗannan layuka ba ta fito ba sai a tsakiyar ƙarni na 18, don haka hoto mai shekarar 1630 a kan irinta bugun baya ne. Ka juya hasken ya zo ta gefe, za ka ga gurbin bakin allon ya nutse cikin takarda a zagaye da hoton, kuma a bugu mai kyau layukan tawada suna ɗan tasowa. A bugun da allon ya gaji, siraran layukan fuska sun ɓace, manyan sun rage, mutumin ya zama kamar an wanke shi. Idan kuwa ka ga duhu mai laushi babu layi, wannan wata fasaha ce da Ludwig von Siegen ya fara fitarwa a Amstadam a 1642, wadda Wallerant Vaillant da Abraham Blooteling suka mayar sana'a, kuma allonta yana saurin lafewa.

Game da farashi, kuɗin Holan a wancan zamani shi ne gilda, kowace ɗaya tana da stuiver 20, kuma ƙwararren ma'aikaci a biranen Holland yakan samu kusan gilda guda a rana. Hoto na gama-gari 'yan stuiver ne, wanda 'yan talla da rumfunan kasuwa ke sayarwa, babba mai kyau kuwa yana zaune a shagon mai littattafai ko mai taswira. Jerin hajar da Cornelis Claesz ya buga a Amstadam a 1609, da wanda gidan Visscher ya fitar a 1682, suna nuna irin kayan da ke hannun babban mai ɗab'i. Amma kada ka ɗauka kowane hoto don shago aka yi shi. A 1647 Rembrandt ya sassaƙa hoton Jan Six, wani attajirin Amstadam, yana jingine da taga, haske na shigowa ta bayansa, kansa sunkuye a kan abin da yake karantawa, takobinsa ajiye a gefe. Babu baitin yabo a jikinsa, babu excudit, kuma allon ya zauna a hannun iyalin Six. Wannan hoto ne na kyauta ga abokai, wanda mai shi ya biya kuma shi ke yanke wa za a ba. Ka gwada shi da alluna 74 na Rembrandt da aka samu cikin lissafin kayan da mai sayar da hotuna Clement de Jonghe ya bari, wanda aka rubuta a 1679, waɗanda suka ci gaba da sauya hannu ana ta bugawa har bayan ƙarni guda.

Bayan ka tattara duk wannan, sai ka auna shi da aikin waɗanda suka riga ka. Frederik Muller ya jera hotunan mutanen Holan 7000 a kundinsa na 1853, Van Someren ya ƙara a kai, kundin Hollstein kuwa, wanda aka fara a 1949, yana bin masassaƙa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga matakan kowane allo. Cibiyar binciken tarihin zane-zane ta RKD da ke Hague tana da rumbun bayanan hotunan mutane a intanet, inda za ka iya nemo zanen fentin da aka kwafo. Ka nemo aƙalla kwafi biyu na hotonka a wasu taskokin ka jera su gefe da gefe, domin bambancin suna ɗaya ko layi ɗaya ba ya fitowa sai an gwama.

Kada ka ajiye takardar ba tare da ka juya bayanta ba. A nan ne masu tara hotuna ke buga ƙaramin hatiminsu, dillalai ke rubuta farashi da fensir, kuma a kusurwoyi huɗu akan ga busasshen gam da guntun takardar kundin da aka ɓamɓaro ta daga ciki. Frits Lugt ya tattara waɗannan hatimai a 1921, ya ƙara wasu a 1956, kuma yanzu ana iya bincikensu a intanet ta siffa ko ta harafi. Ka ɗauki hoton bayan kamar yadda ka ɗauki na gaban, kada ka goge rubutun fensir ko da ya yi maka kama da datti, kuma kada ka datse gefen takarda don ta shiga firam. Masu tara hotuna na da sun yi hakan sosai, suna yanke takarda har bakin hoton don ta zauna daidai a kundi, kuma abin da almakashinsu ya fi tafiya da shi shi ne layin ƙarshe, inda sunan mai ɗab'i da adireshin shagonsa suke.